Na Je Fegge Ɗauko Baba

Inugu

Tun kafin kiran assalatu na fito, Inna tana bina har bakin titi tana cewa, "Hafsatu, ko da kuka ne ki taho min da babanki." Mu mun gudo nan wurin Kawu tun ranar da aka rushe mana katanga a unguwar Fegge da ke Anacha, shi kuwa Baba ya ƙi tasowa. Bas ɗin 'yan kasuwa na shiga. Duk shingen da aka tsayar da mu sai na kawar da kai, don har yau in na ga namiji da gora, ranar rusau nake tunawa.

Upper Iweka

Da hantsi muka faɗa cunkoson shiga Anacha, na sauka na hau babur. Ɗan okadan da ya ɗauke ni Bahaushe ne.

"Layin mahauta, 'yar'uwa? Ai Ciyaman ya haɗiye shi."

Ciyaman shi ne uban 'yan daban tasha. Layinmu yana iyaka da garejinsa, sai ya wayi gari ya ce filinsa ne. Dattawan unguwa suka zauna da shi, aka raba goro, suka bar masa don a zauna lafiya. Mu masu layin, ko mutum ɗaya ba a kira ba.

Fegge

Inda Inna ke hura wuta, tirela na tarar a fake. Na tsaya ina neman ƙamshin gidanmu, sai warin gas. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki ɗaya da ya rage, mai unguwa yana lallashinsa.

"Malam Sule, Ciyaman fa ya rantse daga wannan babu ƙari."

"Ranka ya daɗe, jan fentin da suka shafa min kafin rusau, jiya na gan shi a bangon masallaci."

Mai unguwa ya sunkuyar da kai. Na durƙusa na ce, "Baba, Inna ba ta cin abinci." Ya daɗe yana kallona, sannan ya aro guduma ya ɓalle ƙyauren ɗakin, ya ce mu tafi. A tasha kwandasta ya yi ta tsiya, wai wannan fasinja ba shi da ƙafa, amma ya ɗaure mana shi a saman mota.

Gida

Ana kiran magariba muka iso. Na gode wa Allah da ya dawo min da Baba da ransa. Ƙyauren yana jingine a tsakar gidan Kawu, babu ɗakin da zai rufe. Kullum da safe Inna sai ta goge shi.