Idon Mikiya Ya Shuka Masoro

Ranar da ’yan kashe gobara na ƙauyenmu suka yi gashin nama a rumfarsu, maƙwabcina Athol Triffett ya zo da kwalba a aljihun kwat. Ya ture mai gashi gefe, ya ce mu duk ba mu san daɗin nama ba, yau zai nuna mana. Ya kwance murfi ya barbaɗe haƙarƙarin rago kaf, har da naman da ke faranti wanda ba a kai ga ɗorawa a wuta ba. Aka raba. Na kai loma baki, na tauna, na sake taunawa, sai na ji kamar ƙyauren ɗakina na ciza. Ga garas-garas a haƙori, ga wani ɗan wari irin na man da ake shafawa a ƙirji in mura ta kama mutum. Kowa ya yi shiru yana ta fama, don mu nan ba a kushe abincin kyauta. Raelene, shugabar ’yan kashe gobarar, ita ta fara tofarwa a tafin hannu. Ta duba, ta ɗauki kwalbar ta sansana.

"Athol, wannan ai irin itacen turare ne."

Ya ce masoro ne. Ta ce irin shuka ne. Ya karɓi kwalbar ya kawo ta dab da hancinsa, ya miƙa hannu ya nisanta ta, ya sake kawowa. Sannan ya zauna a kan akwatin giya ba tare da kowa ya ce masa zauna ba.

Ni na fara gane abin da ya zaunar da shi, don na san kicin ɗinsu. Matarsa Noela ba ta yar da kwalbar zuma in ta ƙare, a ciki take zuba komai, kuma duk a wuri ɗaya suke jere. Da safiyar ranar nan kuwa daga barandata na hango shi yana hawa ƙonannen tudunsa, yana ɗiba daga kwalba yana watsawa, yana atishawa kamar zai cire hanci. Da na yi masa magana ya ce toka ce take shigar masa. Sai na ɗaga murya yadda na bayan rumfa ma za su ji, na ce to jama’a, in iri yana cikinmu, mene ne a kan tudu?

An yi dariya har mai gashi ya bar nama ya ƙone, wanda kuma ba asara ba ce. Athol kaɗai bai yi ba. Kwalbar nan ita ce ragowar irin da yake da shi a duniya, mun cinye da biredi.

A gidan da yake ciki yanzu aka haife shi, shekara saba’in da ’yan kai da suka wuce. Ubansa gwanin gatari ne, irin waɗanda ake zuwa kallo daga nesa in ana gasar sara. Shi kuwa ɗan, ranar da aka fara ba shi gatari a gaban jama’a, bakin takalminsa ya sare, Allah Ya taimaka yatsun sun ja da baya. Daga nan aka san ba za a ci abinci da shi ta wannan hanya ba. Sai ya samo wa kansa aikin da ya dace da malalaci: ya kwanta rigingine a daji yana harbin sama. Ofishin gandun daji suna bukatar irin wani itace da ake kira turaren fadama don shuka wuraren da aka sare, shi kuma itacen nan ba ya yin reshe sai can inda wuyan mutum zai yi ciwo kafin ya hango. A lokacin ba mai iya hawa. Saboda haka sai a sami mai bindiga ya harbi gindin reshe har ya karye ya faɗo da kwansonsa, a shanya, iri ya zubo. Wannan ne aikin da Athol ya yi duk ƙuruciyarsa, a kwance.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya. Shi ya sa aka sa masa Idon Mikiya, kuma a lokacin da gaske ake. Matsalar ita ce ya ɗauki sunan ya ɗora a ka, girman kai rawanin tsiya. Tun daga nan ba ka isa ka sha giya kusa da shi ba tare da an yi maka karatun turaren fadama ba. Wai babu itace mai fure da ya kai shi tsawo a duniya. Wai ba ya fita sai a kwari mai ruwa da ƙasa mai zurfi, inda hazo ke kwana. Wai ka dubi yadda ɓawonsa yake da kaushi a gindi kamar safa, sama kuma sumul fari, yana saɓulowa dogo-dogo yana lilo a iska. Kamar mu ba a cikinsa muka tashi ba, kamar ba shi ne yake toshe mana indararo kowace shekara ba.

Ni dai a ganina itace ne marar wayo, shi ya sa jininsu ya haɗu. Sauran itatuwan turare in wuta ta ci su, ba a jimawa sai ka ga ganye ya tsiro a jikinsu. Shi wannan, duk tsawonsa, wuta mai ƙarfi na taɓa shi ya mutu. Irinsa kuma ƙanana ne kamar garin masoro, mun dai shaida, ba sa girma a inuwar uwarsu. Sai wuta ta kashe uwar, kwanso ya buɗe, iri ya zubo a kan toka, rana ta same shi, sannan ya tashi. Wato gida ba ya haihuwa sai an yi gobara. In na faɗi haka Athol yakan ce ni ba na gane komai sai dankali.

Shekaru suka tafi da idon, suka bar sunan. Athol ya taɓa ɗaga wa kututture hula a bakin hanya, ya tsaya yana jiran amsa. Ya taɓa kiran saniyata da sunan matata, abin da har yau ba a yafe masa ba a gidana. Noela ta yi, ta yi, ta samo masa ganin likitan ido a birnin Hobart, ya tafi ya dawo da kwalin harsashi da sabuwar hula. Ya ce tabarau na masu karanta jarida ne, shi ido ya haife shi.

Tudun da ke bayan gidajenmu nasa ne, gadon ubansa. Wutar farko ta cinye manyan itatuwan da ke kai, iri ya zubo, ’ya’ya suka fito cunkus kamar gashin kare. Athol ya riƙa yawo a cikinsu yana taƙama kamar shi ya yi naƙudarsu. Amma ɗan turaren fadama sai ya kusa shekara ashirin kafin ya yi kwanso, wuta ta biyu kuwa ba ta jira ba. Ta zo a zafin bara ta share su tas, babu iri ko ƙwaya a kansu. Tudu ya zama baƙi ƙirin. In ba a watsa masa iri ba kafin ruwan saman lokacin sanyi ya kankama, ciyawa da ƙananan bagaruwa su rufe tokar, shi ke nan, daji ya tafi, ba zai dawo da kansa ba.

Itace ɗaya ne ya tsira duk wutar biyu, wata dattijuwa a ƙasan kwari kusa da rafi, wadda muke kira Tsohuwa. Rabin kanta ya bushe, amma ɗaya ɓangaren da kwanso. Bayan abin kunyar nama, Raelene ta tausaya masa ta ce za ta roƙo masa iri daga ofishin gandun daji. Ya ce ba ya so, irin wani kwari bare ne, ba zai kawo ’ya’yan wasu ya zuba a tudun ubansa ba. Aka ce a kira masu hawa da igiya. Ya ce saman Tsohuwa ruɓaɓɓe ne, ba zai ɗauki alhakin ɗan kowa ba. A nan kam ya yi gaskiya, amma ba don ita ya faɗa ba. So yake a ga ya harbo da kansa.

Ranar farko rabin ƙauye ya sauko kwari da kujeru da shayi a fulas. Athol ya shimfiɗa buhu, ya kwanta, ya daɗe yana saiti har shayi ya huce. Ya harba. Ɓawo ya faɗo. Ya sake, fararen aku suka tashi suna ihu kamar su ma dariya suke. Ya sake, wannan karon ko itacen bai samu ba, itacen da girman gindinsa ya fi ɗakin girkina. Ya ce iska ce. Babu ko ganye da ke motsi. Ya ce harsashin zamani ba shi da nauyi. Washegari mutane sun ragu, jibi sun ƙara raguwa, daga baya ni kaɗai nake zuwa, don ni ba na gajiya da kallon kyauta. Kullum kuma gajimare na ƙara taruwa ta yamma, shi ma yana ganinsu, su dai manya ne ba sa bukatar tabarau.

Wata safiya Noela ta leƙo ta shinge ta tambaye ni ko na ga tabaraunta na tuƙi, tana son zuwa gari ta duba ko’ina babu. Ban kai ga amsawa ba muka ji ƙarar bindiga daga kwari. Muka dubi juna. Ta koma ciki, ni kuwa na sa takalmi.

Na same shi a kwance a kan buhunsa. Idon Mikiya, ɗan gwanin gatari, sanye da tabarau mai ruwan hoda, da ’yan duwatsu masu ƙyalli a gefe, da sarƙar ado tana reto a kunnuwansa. Na tsaya bayan wani dutse na toshe baki da hula. Ya harba, na ga fari ya bayyana a gindin wani reshe can sama. Ya sake, a wuri ɗaya. Ya sake. Reshen ya yi ƙara, ya lanƙwasa, ya daɗe yana tahowa kafin ya doki ƙasa. Sai da ya tashi zai je wurinsa ya gan ni, kuma a karon farko cikin shekaru ya gan ni sosai.

Na ce, "Sannu da aiki, Noela. Ina maigidan?"

Ya fizge tabarau ya cusa a aljihu, sarƙar ta rage a waje. Ya ce in wani ya ji wannan magana zai san daga inda ta fito, kuma in tuna yanzu yana iya saiti. Na yi masa alkawari. Kafin rana ta yi tsaka na faɗa wa Raelene da mai kai wasiƙu, sauran aikin su suka yi.

Reshen ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Ya tsinke kwanson ya shanya a tamfol a bayan gareji, ya zauna gadi da butar ruwan zafi yana yaƙi da tururuwa, waɗanda suka fi shi gani kuma suka fi shi sammako. Abin da ya samu, iri da ƙaiƙayi haɗe, bai cika kofin shayi ba. Ya gauraya da yashi ya watsa a gefen tudun da ya fi danshi, yayyafi na dukan ƙeyarsa. Sauran tudun ya bar wa ciyawa, don ba yadda zai yi.

Da sanyi ya wuce suka fito, ’yan mitsi-mitsi, ganye bibbiyu. Ƙananan kangaru suka ji labari, suka zo suka yi buki da fiye da rabi. Athol ya kewaye ragowar da duk tarkacen da ya samu, tsohuwar waya, ƙarfen gado, ƙofar a-kori-kurarsa da ta mutu. In ka hango daga hanya sai ka rantse juji ne. Tabarau kuwa yanzu ya yi nasa, baƙi, wai don tuƙi kawai.

Rannan na ji motsinsa ta bayan shinge, na jawo akwatin dankali na taka na leƙa. Yana durƙushe yana cire ciyawa da yatsa biyu. Na tambaye shi ko wannan ne dajin da ya hana mu barci da ƙarar bindiga a kansa, don gashin da ke kunnena ya fi shi yawa. Na ce kafin su kai masa gwiwa an daɗe da rera masa waƙa a coci, wahalar banza kawai yake yi wa kangaru noma.

Bai ko ɗago ba.

"Bar su, Vern. Waɗannan da kake rainawa, nan da shekara biyu sun wuce ka, kuma ba su ce wa kowa uffan ba. Kai fa? Shekara sittin kana surutu, har yau sai ka taka akwati kake leƙa shingena."