Mayen Ƙarfe

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, a Bungudu aka yanke mini cibiya. A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau na ɗauko wa kaina wahalar da har yau ban sauke ba. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Na gaji da wasa lauje da hannu. Duk kaka manoman Nahuce da na kewaye sukan jibge mini lauje da gatura, in yi ta gurzawa a kan dutse har kafaɗuna su mutu, ga ruwan gulbi yana wucewa a banza. Sai na ce shi ma ya zo ya yi aiki.

Na fara da fukafukan itace, ruwa ya karya su har sau biyu. Daga nan na yanka garwar kananzir na fid da faya-fayai tara, shafaffu, babu fiffike ko ɗaya. Na jera su a sanda guda, kaurin tsinke ne tsakaninsu, na kife su cikin manyan akusa biyu, na jawo ruwa da gora daga kan wani dutse inda yake zubowa da ƙarfi. Ruwan na shafar faya-fayan suka ɗauki gudu. Ranar na yi ta dariya ni kaɗai a bakin gulbi. Amma ramin da sandar ke fitowa ya ƙi ni. Na toshe da fata, na toshe da ƙaro. In ya toshu sandar ta tsaya, in ta juya ruwan ya tsiyaye. Kaka biyu ina wannan wauta.

A Gusau wani mai gyaran mota, mutumin Tsafe, ya ba ni wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu daga cikin matacciyar mota.

"Wanga mayen ƙarhe na," in ji shi. "Ko da katanga tsakani shina jan ɗan'uwanai."

Na ɗaura ɗaya a bakin sandar daga ciki, ɗaya a jikin ƙaramin dutsen wasa daga waje, na liƙe ramin gaba ɗaya. Dutsen ya juya, ba abin da ya taɓa shi. In na danna lauje da ƙarfi yakan saki, sai in lallaɓa shi kamar tsohon jaki. Duk da haka kaina ya kumbura. Ranar kasuwa aka tambaye ni me ke juya dutsen, bakina da ba shi da linzami ya ce, "Maye na sa ciki." Mutum biyu suka yi dariya, sauran suka dubi juna.

Ba a yi sati ba matar maƙwabcina, wadda ke wanki a ƙasan wurin, ta kwanta da zazzaɓi tana sambatu. A wurinmu in ana zargin maye ya kama kurwar mutum, akan kawo shi ya tsallaka marar lafiyan sau uku. In marar lafiyan ya tashi, to magana ta tabbata, kuma ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, don an ce maita gado ce. Mijin ya zo maƙera, mutumin da muka yi wasan ƙasa tare, ya kasa duban idona.

"Ban ce kai na ba," ya ce. "Abin ga da kas sa cikin ruwa, shi muka so ya tsallaka ta."

Mahaifiyata tana jinmu daga bayan danga. Da ya tafi ta kira ni.

"Ƙarhe na da ƙahwa? In ka ɗaga ƙahwarka kai kat tsallaka, kuma ɗiyanka ba su wanke ta har abada."

"Inna, in na ƙi hwa? Sai a ce na riƙe ta."

Ita ma ta san gaba kura ce baya sayaki. Na ciro ƙarafan daga ruwa, na tafi da su a hannu, ina jin nishin matar tun daga zaure. Na tsallaka sau uku, gida cike da ido. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ƙafata na sama ban san wace addu'a zan yi ba, ta tashi ko kada ta tashi. Kunyar wannan ta fi komai ci na.

Kwana uku zazzaɓin ya sake ta, yadda zazzaɓin kaka ya saba. Furar matata ta fara dawowa gida ba a taɓa ba. 'Ya'yana mata in sun je rijiya sai a janye yara daga hanyarsu. Na wargaza akusan na koma gurza da hannu, laujen ma sun ragu.

Da matar ta ji ƙarfi sai ga ta da ƙwaryar gero. Ta durƙusa can nesa da bakin maƙera, ta ajiye, ta turo da ɗan kara. Baiwar Allah ce, ba ta taɓa cutar kowa ba, kuma da zuciya ɗaya ta yi magana.

"Malam, na gode da kas sake ni."