Raba-Daidai da Layin Masu Wanki

Jama'a a gyara zama, masu hula su daidaita ta, ga ta nan tafe: Sarauniyar Yanka, Gimbiyar Jimilla, wadda lambobi ke jin takunta su shiga sahu da kansu. A gida dai Raba-Daidai ake ce mata, kuma yayar mai ba ku labarin nan ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Tun tana ƙarama ta ci sunan. In Baba ya shigo da burodi, ita Inna ke miƙa wa wuƙa, don ita kaɗai ce ke yankawa ba a yi kuka ba. Sai dai tana da wani hali mai ƙona rai. Kafin kowa ya taɓa, sai ta sake jera yankan ta manna su, ta ga sun koma burodi guda, har da ɗuwawunsa biyu. Yawun mutane na dalala, ita tana duba aikinta.

Ta girma, ta yi karatun da wasunmu suka gaisa da shi daga nesa, ta samu aiki a ofishin da ke tsara inda za a kafa famfunan ruwa. Teburinta na jikin taga, ƙafar kujerarta ɗaya da kwali aka tallafe ta. A kwamfutarta gari duka lambobi ne, jere a kwance jere a tsaye kamar saƙar tabarma, kowace lamba na faɗin yawan gidajen da ke wurin. Aikin shi ne a yanka tabarmar nan yanki-yanki daidai wa daida, a haɗa jimillar kowane yanki. Inda jimilla ta yi nauyi, can famfo zai je. Harshen da take ba kwamfutar umarni da shi kuwa, layi guda ne na alamomi kamar kaza ta yi tono, amma yakan yanka gari ya haɗa kafin shayi ya huce.

Wata safiya abokin aikinta, Injiniya, ya gama yankan sabuwar taswira. Shugaban ofis na riƙe da biro zai sa hannu, motar haƙa rijiya na ƙofa, direba na ta hamma. Aka ce Raba-Daidai ta ɗan leƙa aikin kawai. To, mai hali ba ya fasa halinsa. Ta haɗa jimillar yankunan duka, ta gwada da jimillar gari. Burodi bai cika ba.

Ashe umarnin yankan da aka yi amfani da shi na da wata ɗabi'a. In ya zo bakin tabarma ya ga ragowar ba ta kai cikakken yanki ba, sai ya yar da ita, ko tari ba ya yi. Ragowar da ya yar ita ce layin ƙarshe, can bayan gada inda kwalta ta ƙare. Layin masu wanki da guga ke nan, masu wanke kayan rabin gari da ruwan da suke turowa a baro daga nesa. In aka sa hannu haka, su da famfo sai a mafarki.

"Malama, gefe ne fa," in ji Injiniya. "Kowa haka yake barinsa. Can ai awaki sun fi mutane."

"Ba awaki muka ƙirga ba, Injiniya, gidaje ne."

Shugaba ya leƙo ta saman tabarau. "Direba ya ce in ya tafi, sai bayan damina zai dawo."

"Ranka ya daɗe, a ba shi shayi."

Ta ja kujerarta mai kwali ta zauna. Ta liƙa sifili a bakin tabarmar, kamar tela na ƙara ƙyalle, har ragowar ta cika yanki. Sifili dai ba ya ƙara komai a jimilla, gurbi kawai yake cikewa. Ta sake yankawa, ta haɗa, ta gwada. Ya cika cif. Yankin gefen nan kuwa, duk da rabinsa sifili ne, ya fito da nauyin da ya sa Injiniya sosa ƙeya yana cewa ikon Allah. Shugaba ya soke wurin farko, direba ya aje kofi, mota ta nufi bayan gada.

Yanzu duk wanda ya bi layin zai ga famfo a gindin wata bishiya, bokitai a jere, zannuwa na shan iska a igiya. Ko ɗan uwa ba mu da shi a can, kuma babu mai wankin da ya san fuskarta.

Wannan ne ya ci wa ƙaninta, wato mai ba ku labarin nan, rai. Ya same ta a falo tana danne-danne, ya tsaya a kanta ya ce wallahi kamata ya yi a rubuta sunanta a jikin famfon da manyan baƙaƙe, a yi taro, shi zai riƙe lasifika kyauta.

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Lissafi ne bai cika ba," ta ce. "Ɗaga ƙafarka, ka taka min wayar caji."