Hular Alhaji Ummaru a Intanet

Har gobe ban manta da ranar da muka yi taronmu na farko na masu aikin kwamfuta a Sakkwato ba. Ku da kuke shirya taron masu gina shafukan intanet yanzu a otal, da sanyi da shinkafa da kaza, ku gyara zama ku ji yadda aka faro.

Wajen ƙarshen mulkin soja ne. Ina da ɗan shagon buga takardu a Ƙofar Taramniya, kuma ni ne sakataren ƙungiyarmu, ba don na fi kowa ilimi ba, sai don ni ke da injin buga takardar gayyata. Intanet kuwa a bakin mutane muke jin ta. Babu mai bayar da ita a garin nan. Sai dai ka haɗa kwamfuta da wayar tarho ka kira Legas, na'urar ta yi ta ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, in da rabo ta kama.

Mutum ɗaya ne a cikinmu ya taɓa gina shafi, shi ne Nasiru, ɗan Alhaji Ummaru mai sayar da jajayen fatu a babbar kasuwa. A wurin bautar ƙasa ya koyo. Ya yi wa shagon mahaifinsa shafi, da suna da hoto, wani abokinsa da ke karatu a Turai ya ɗora masa a intanet. Shi kuwa Alhaji ya gaji da jin labari. A wurinsa sana'ar da ba a taɓa ta da hannu ba sana'a ba ce. Ya ce zai zo taron da kansa: in ya ga abin da idonsa, to, in bai gani ba, a sayar da kwamfutar, Nasiru ya koma bin kasuwannin ƙauye yana sayo fata. Duk wanda ya san Alhaji Ummaru ya san ba ya magana biyu.

Muka samu aron ɗakin taro a wata makaranta, muka jawo wayar tarho daga ofishin shugaban makarantar ta taga. Muka nemi izinin taro kamar yadda doka ta ce a lokacin, aka ba mu, aka haɗa mu da wani jami'i mai farin kaya da zai zauna ya ji ko za mu zagi gwamnati. Wutar lantarki baƙuwa ce, sai janareta. Man fetur kuwa ya fi zinare wuya, mutum kan kwana a layi ya dawo hannu rabbana. Da ƙyar wani ɗan ƙungiya ya samo mana galan guda a hannun 'yan bumburutu a Wamakko. Mai janaretan ya girgiza galan ɗin, ya ce in za a kunna lasifika da fanka, kada mu sa rai ya kai mu la'asar.

Kuskurenmu ɗaya ne. Mun ba da sanarwa cewa duk mai abin faɗa game da kwamfuta ya zo ya yi jawabi na sa-kai, ba a biyan kowa. Mun ɗauka mutum biyu ko uku za su fito. Ashe rabin garin na da abin faɗa.

Na je wurin shugabanmu, Malam Buhari, na ce a rage su, kuma a sa Nasiru a farko tun man na nan. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce wanda ya zo maka kyauta ba a mayar da shi, kuma ba a taɓa yi yaro ya riga dattawa magana ba. Za a jera su ne bisa shekaru. Nasiru kuwa shi ne auta. Na yi bayanin galan, na yi bayanin Alhaji, ya ce mini, "Sakatare, nan Sakkwato muke." Ya tafi ya bar ni tsaye.

Ranar taro ɗaki ya cika. Alhaji Ummaru ya zo da wuri, ya zauna a gaba da carbinsa. Aka buɗe da addu'a, aka tayar da janareta, aka miƙa wa Malam Hali lasifika, tsohon mai buga tafireta a ma'aikatar gwamnati, wanda ya yi ritaya tun ina makarantar firamare.

Malam Hali ya yi salati. Ya gaishe da shugaba, ya gaishe da malamai, ya gaishe da 'yan kasuwa layi-layi. Ya gaishe da sarakunan da ba su zo ba, ya gaishe da gwamnan soja, ya waiwaya ya gaishe da jami'in nan na baya, wanda ya so ya ɓuya. Sannan ya shiga tarihin tafireta, da zamanin da arzikin man fetur ya cika ƙasa, lokacin da in zaren tawada ya ƙare sai a kawo maka sabon inji a kwali. Ni kuwa kunnena na waje, ina jin janareta na shan mai. Na rubuta masa 'yar takarda cewa lokaci ya ƙure. Ya sa tabarau, ya karanta ta a lasifika kowa na ji, ya sa mini albarka saboda kula da aiki, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Na biyu Garba mai gyaran rediyo ne. Ya ce shi dai gaskiya bai taɓa kunna kwamfuta ba, amma ya taɓa ganin cikinta. Kafin ya kai nan, sai da ya gaishe da duk wanda Malam Hali ya gaisar, don ba zai yiwu ya tsallake wanda babba ya ambata ba, sannan ya ƙara da Malam Hali kansa. Na uku ya gaishe da duk waɗannan, ya ƙara da Garba. Nan na gane bala'in da muke ciki: gaisuwar ƙaruwa take yi da kowane mai magana. Jami'in tsaro tuni ya yi barci, bakinsa a buɗe.

Raina ya ɓaci, na zagaya baya na ce a kashe janareta, na dawo na sanar cewa injin yana hutawa. Mai magana a lokacin wani malamin lissafi ne. Ya ajiye lasifikar, ya naɗe hannu, ya ce waɗanda suka riga shi da lasifika suka yi, shi ma ba bawa ba ne, zai jira. Malam Buhari ya harare ni, dole na koma aka tayar. Na dubi Nasiru, rigarsa ta jiƙe sharkaf, kuma ba zafi ne kaɗai ba. Wallahi ya ba ni tausayi.

Da aka zo kansa rana ta karkata, janareta ya fara sauya murya. Ya karɓi lasifika, sai na ji ya fara, "Ina gaishe da shugaba..." Na dafe kai. To ya zai yi? Mahaifinsa na zaune, ya tashi ba gaisuwa? Allah ya taimake mu, Alhaji da kansa ya ɗaga hannu.

"Bari gaisuwag ga, an gaishe mu ya isa. Gwada man abin."

Nasiru ya kira Legas. Layin ya ƙi. Ya sake, na'urar ta yi kukanta, ta kama. Jama'a suka taso suka yi dafifi a kan allon kwamfutar, aka buɗa wa Alhaji hanya. Sunan shagon ya fito, aka yi kabbara. Sai hoto ya fara saukowa daga sama, a hankali, don haka hoto ke zuwa a lokacin. Ga kwanon rufin shago. Ga fatu a rataye. Ga wata hula ta leƙo, ga goshi, ga gira. Janareta ya yi tari sau ɗaya ya mutu, allo ya yi baƙi ƙirin.

Nasiru ya sunkuyar da kai. Ni na riga na hango shi a bayan akori-kura da ɗaurin fata.

Alhaji ya daɗe yana duban baƙin allon, sannan ya ce, "Wagga hula tawa ta." Ya juya ga ɗansa. "Wa ka ganin wanga abu?"

"Kowa, Baba. Duk mai irin wannan na'ura a duniya."

"Har Makka?"

"Har Makka."

"Kana nuhin mutanen Makka na can suna kallona ba huska?"

Nasiru ya buɗe baki zai yi bayani cewa hoton cikakke ne, a wurinmu kaɗai ya yanke. Na taka masa ƙafa da duk ƙarfina.

Alhaji ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa. Ya ce shi bai taɓa sayar wa kowa rabin fata ba, ba kuwa za a bar shi da rabin kai a gaban duniya ba. Ya nuna Nasiru da carbi. "Ba ka zuwa ko'ina sai ka ƙare man huskata." Ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Har Allah ya karɓi ransa ban san ko bai gane ba ne, ko kuwa ƙofa ya nema da zai bi ba tare da ya yi magana biyu ba. Nasiru dai bai taɓa zuwa sayen fata ba, kuma da yawa daga cikinku a hannunsa kuka koyi aikin nan.

Abin da na koya shi ne, mutumin da ya zo maka jawabi kyauta, lasifikar nan ita ce ladarsa, kuma sai ya karɓe ta cif. Kada ku ji haushinsa, da irinsu aka gina sana'ar nan tun ba ta da ko sisi. Amma in akwai wanda abincinsa ya rataya a kan taronku, ku sa shi a farko, ku bar dattawa su yi fushi. Dattijo yana hucewa. Galan kuwa in ya ƙare, ya ƙare.