Pak Warsidi da Sa Hannu na Sittin

Ƙarfe shida na safiyar kowace Lahadi, tun mai soya ayaba ba ta hura wuta ba, Pak Warsidi, wato Malam Warsidi, ya riga ya tsaya a bakin Lungun Kenanga, usur a baki, tawul a wuya. Aikinsa jera baburan masu zuwa coci, shi da jam'in Asuba ba ya wuce shi. Ran Juma'a kuma ya buɗe farfajiyar cocin ya jera na masallata. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Ka ajiye babur a karkace, ko kai wane ne a Jakarta sai ka sha usur.

To jama'a, takarda ta fito! Ranar Talata aka ba cocin izinin faɗaɗa gini. Tsofaffin da suka shekara huɗu suna ibada a ƙarƙashin tamfol, ruwa na ɗiga musu a ƙeya, za su shiga ciki. Ana ta yi wa kwamitin coci tafi. A yi, sun cancanta, amma a rage wa mai usur.

Izini ba ya fitowa sai maƙwabta sittin sun sa hannu. Fasto Lamria, mace mai zafin nama, ta fara zagaye da takarda a dama, ƙullin shinkafa a hagu. Ba wanda ya sa hannu.

"Bu Fasto, mayar da shinkafar nan," in ji Warsidi (Bu a nan kamar a ce Malama ne). "Mutum zai ce sayensa kika zo yi. Nan sai an sha shayi sau uku kafin a ambaci abin da ya kawo mutum."

Shi ya shige mata gaba, gida gida, har aka kai hamsin da tara. Saura Haji Rohmat, wanda katangarsa ke jingine da ta cocin. Ya tarbe su da fara'a, ya zuba shayi, ya ce zai duba. Wata takwas yana dubawa, har wasu suka fara cewa in Haji bai sa ba za su janye nasu.

Warsidi ya san inda ke yi wa Haji ciwo. Matarsa ta rasu ran wata Lahadi, Lahadi ɗaya tak da zazzaɓi ya kwantar da Warsidi. An kafa tutar rawaya a bakin lungu, alamar rasuwa, amma masu babura suka cika hanya ba su lura ba. Sai ɗaga makarar aka yi sama da kai, tana karkacewa, aka ratsa da ita. Ba wanda ya je ba da haƙuri, Haji kuma bai taɓa ɗaga maganar ba.

"Ki bar takardar a gida," Warsidi ya ce wa Fasto. "Ki sa mai zanen gini ya ja katanga baya taku biyar, babura duk su koma ciki."

"Pak, in suka koma ciki wa zai neme ka? Aikinka fa ya ƙare ke nan."

"Haba Bu, gwiwoyin nan sun daɗe suna kai ƙarata. Makara dai ta wuce a miƙe."

Suka je. Fasto ta sunkuyar da kai ta nemi gafara. Haji ya juya ya harari Warsidi.

"Kai ma tsoho, zazzaɓinka bai san ranar zuwa ba?"

"Ai na ja masa kunne, Pak Haji, bai sake ba."

Haji ya yi dariya yana share ido. "Ina takardar?"

"Mun baro ta a gida."

"Ku kuwa wane irin masu roƙo ne?"

Washegari da ƙafarsa ya taka ya sa hannu.

Kai ne, Pak Warsidi, ka san ƙofar kowa da ciwon kowa. Kai ne ka sare reshen da kake zaune a kai, kana sane, kana dariya. Ba sunanka a takardar izini, ba za a rubuta shi a jikin sabon gini ba, shi ya sa na rubuta shi a nan, kuma wallahi ina alfahari da zama maƙwabcinka.

Jiya an buga turakun sabuwar katanga. An ga Warsidi ya tara dattawa huɗu, biyu gaba biyu baya, kafaɗa a ɗage kamar masu ɗauke da makara, ya sa su ratsa lungun daga farko har ƙarshe. Haji Rohmat na tsaye a ƙofarsa yana kallo. Suka wuce ba wanda ya karkace.

Mun gode, mai usur. Allah ya huta gwiwoyinka. Mu kuma da muka rage, kafin mu kai wa maƙwabci takarda, mu fara tambayar abin da muka taɓa tare masa a hanya.