Malam Rabilu, Makanikin Jiragen Ruwa na Gubaira

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, ina kwance a ƙarƙashin wani jirgi ina ɗaure ƙusa, sai 'yarka Zuhura ta kira ni a waya. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Kawu Maulud, Baba ya cika." Daga Allah muka fito, kuma gare Shi kowa zai koma. Bayan la'asar muka sallace ka, muka kai ka makwancinka a maƙabartar Al-Naseem.

Malam Rabilu, shekara goma sha shida muka yi tare a warsha ɗaya, wato garejin gyara, a Gubaira. Duk wanda muka gaya wa sana'armu sai ya yi dariya: wai masu gyaran jirgin ruwa a Riyad, garin da ba teku. Amma gaskiya ce. Kafilinmu, wato ubangidanmu Abu Turki, yana da jiragen tsere guda uku, a nan muke kwance su mu haɗa, sannan a ɗora su a tirela a ja su kilomita ɗari huɗu zuwa gabar Khobar. Kai ɗan Yawuri ne, a bakin kogi ka koyi gyaran injin kwale-kwale tun kana saurayi. Ni kuwa makanikin mota ne daga Zariya, na zo da girman kaina da furfurata, ban taɓa taɓa farfelar jirgi ba.

Ranar da na fara aiki ba inji ka nuna mini ba. Bayan jirgi ka kai ni, ka ce mutane suna zaton gudu a inji yake, alhali rabinsa yana ga abin da ke kai ƙarfin injin zuwa ruwa. Ka nuna mini iri biyu. Na farko muna ce masa ƙafa, domin yana lanƙwasowa ƙasa ya nutse cikin ruwa da farfelarsa. Yana tayar da jirgi da wuri, yana riƙe shi a kwana, amma giyoyinsa suna cinye wani ƙarfin, ruwa kuma yana jan sa baya. Na biyu muna ce masa sanda, miƙaƙƙe ne daga inji har farfela, rabin farfelar a ruwa rabi a iska. Shi ya fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, sai dai yana da nauyin tashi, kuma ba ya yafe wa direban da ya yi gaggawar shan kwana. Da inji ɗaya da gangar jiki ɗaya, sauya wannan da wancan kan ƙara wa jirgi gudu sosai. Amma kullum tambayarka ita ce, wane ruwa za a shiga, kuma wa zai riƙe sitiyari?

A kan wannan tambaya muka sha musu da kai. Nawaf, ɗan Abu Turki, shi ke tuƙa babban jirgin, kuma kullum kukansa a sa masa sanda. Ni ina bayansa. Kai kuwa ka ce ruwan gabas na Khobar gajerun igiyoyi gare shi masu dukan juna, filin tseren kuma kwana ya yi masa yawa, ƙafa ce ta dace da shi. Abu Turki ya bi maganarka, ni kuma na ji haushi.

A shekara ta biyar da zuwana na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, ban kuma taɓa faɗar sa a bainar jama'a ba sai yau. Ka tafi Makka umra kwana uku, ka bar mini jirgin in ƙarasa haɗawa. Na san idan aka ɗaga ƙafa sama kaɗan, ruwa zai rage jan ta, gudu ya ƙaru. Sai na ɗaga ta da faɗin yatsa biyu fiye da yadda ka auna, ban gaya wa kowa ba. Ranar gwaji jirgin ya ba da kilomita ɗari da arba'in da bakwai a awa, bakwai sama da abin da ya saba. Nawaf yana ta ihu a rediyo. Kai kuwa kana tsaye a gaɓa ka kasa kunne, sai na ga fuskarka ta sauya. Ka ce, "Kukan nan ba nasa ba ne. A ce masa ya sassauta." Kafin a isar da saƙon Nawaf ya shiga kwana. Farfela ta saki ruwa, jirgin ya juya kamar faifai, ya wurgar da shi. Allah Ya kiyaye ransa, amma ya karye a kafaɗa da haƙarƙari biyu.

Washegari Abu Turki ya zo warsha, ya tara mu. Ya ce wanda duk ya haɗa bayan jirgin nan ya tattara kayansa, za a soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa, a raka shi filin jirgin sama. A lokacin 'ya'yana huɗu suna makaranta a gida, mahaifiyata tana jinya. Sai ka matso gaba, ka ce da Larabcinka mai sanyi, "Ya Abu Turki, warshar nan a hannuna take. Abin da ya fita daga ƙofar nan, ni ke da alhakinsa." Ya daɗe yana kallonka. Bai kore ka ba, amma ya sauke ka daga shugabancin warsha, ya kawo wani daga waje ya ɗora a kanka, ya kuma hana ka bin jirage zuwa teku. Shekara uku ka yi a haka, kai da ganin ruwa ne kaɗai hutunka a ƙasar nan.

Na jira faɗa, bai zo ba. Da aka dawo da jirgin ka miƙo mini ma'auni, ka ce, "Maulud, zo mu mayar da ita inda take." Muka mayar da ƙafar wurinta. Da muka gama na ce ka yafe mini, zan je in faɗi gaskiya. Ka ce, "In ka tafi, wa zai riƙe yaranka? Zauna ka koyi aikin. Tunaninka ba banza ba ne, ka dai yi shi ba tare da gwaji a hankali ba." Bayan shekaru, da aka sayo jirgi mai gindi biyu don doguwar hanya a Jidda, kai da kanka ka ce a sa masa sanda, ka kuma ce ni zan haɗa.

Alherinka bai tsaya a kaina ba. Bachir, direban tirelarmu ɗan Damagaram, ya kwanta wata biyu da ciwon baya, kullum bayan azahar kai ke kai masa tuwon da matarka Hajiya Hajar ta tuƙa. Sabon zuwa daga Maraɗi ko Kano, in ya rasa wurin kwana, ɗakinka na ƙofar gida a Al-Naseem a buɗe yake. Ba ka da yawan magana, kuma ban taɓa jin ka ambaci wani da mugun abu ba, har mutumin da aka ɗora a kanka.

Ciwon zuciya ya kwantar da kai mako uku. Zuwana na ƙarshe asibiti, ka tambaye ni ko na duba man giyar ƙaramin jirgin, na ce na duba. Ka yi murmushi ka ce, "To, na huta."

A kwana na uku na zaman makoki Abu Turki ya zo da Nawaf. Da suka tashi tafiya na bi su har mota, na ce ni ne na ɗaga ƙafar jirgin nan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba Rabilu ba. Dattijon ya dafa ƙofar motar, ya ce, "Na sani tun ranar. Rabilu ba ya ɗaure ƙusa bai auna sau biyu ba. Na hukunta shi ne in ga ko zai faɗi sunanka, shekara uku bai faɗa ba." Sai ya share ido da gefen mayafinsa, ya shiga mota.

Ya Allah, ga bawanKa Rabilu ya zo gare Ka. Ya rufa asirin wani a duniya, Ka rufa nasa a ranar tsayuwa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hajar, da Zuhura da ƙannenta, da 'yan'uwansa na Yawuri, da dukkan abokan aikinmu na Gubaira. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Maulud Isiyaku Zariya
Gubaira, Riyad