Ranar da Na Tura Ɗan Mutumin Hagu

Mun tashi daga Malumfashi ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena mai gyaran rediyo. Ya sayar da audugarsa ta bana kaf don ya sayi na'urar wasan talabijin a Funtua, ya ajiye a shago mutane su riƙa bugawa. Ni ban taɓa ganinta ba. Ya ce in raka shi saboda ina da haƙuri, kuma shekarata biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci, ina iya rubutu ko da a hankali.

Bas ɗin ta cika har da kaji. Manyan motocin auduga suka sa mu gaba, fararen ɓurɓushi na ta maƙalewa a ƙayoyin bakin hanya. A Bakori muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma.

Mai kayan wani Alhaji ne a kusa da tasha. Sharaɗinsa ɗaya: abin da ya fita ƙofa ba ya dawowa. Ƙanena ya ce to sai an gwada, ya miƙa mini littafi da fensir.

Gwajin hawa-hawa ne. Da farko a kunna a kashe sau da yawa, a ga ko tana tashi. Sannan a danna kowane maɓalli shi kaɗai. Daga nan ƙanena ya sa kaset ya buga wasan, wani ɗan mutum yana gudu yana tsallake ramuka. Muka bar ta a kunne har bayan azahar, mu ga yadda take da zafi. Na tuna yadda muke jiƙa ƙwayoyin masara a tsumma kafin shuka, don kada iri ya yaudare mu. Duk abin da ya yi daidai na rubuta.

Saura hawa na ƙarshe: a ba wanda bai iya ba.

"Yaya, karɓi," in ji ƙanena, yana miƙo mini abin dannawar. "Yi duk shirmen da ka ga dama."

Ni da allo na fara karatu, daga dama zuwa hagu hannuna ya saba. Sai na tura ɗan mutumin hagu, na sa shi tsalle a jikin bango. Nan take hoton ya daskare. Na rubuta abin da na danna a littafin.

Alhaji ya yi dariya. "Malam, ai ba a bi nan! Wuta ce ta yi ƙasa."

Aka kashe aka kunna, ƙanena ya tura ɗan mutumin hagu, ba abin da ya faru. Na ga har ya fara laluben aljihu. Kunya nake ji in ja da masu ilimin abin. Amma na buɗe littafin na karanta da ƙarfi, ina tuntuɓe: "Hagu har bango. Tsalle sau biyu, hannu bai saki ba."

Alhaji da kansa ya bi rubutuna. Ta daskare. Ya sake, ta daskare.

"Ikon Allah," ya ce. "Boko ya kama ni a shagona."

Ya canza kaset. Na ɗauka mun gama, ƙanena ya ce a'a, sabon abu daga hawan farko ake faro masa. Muka sake bi duka, har da shirmena, ba ta daskare ba, sannan ya biya.

Mun iso gida kafin magariba, kwalin a cinyata. A hanya na yi ta tunanin cewa gwani hanyarsa ɗaya yake bi, shi ya sa ramin da ke gefe yake wuce shi. Kuma da baki kawai na faɗa, da an ce wuta ce. Washegari na kai wa malamin ajinmu shafin. Ya gyara mini haruffa uku, sannan ya ce in tashi in karanta wa aji. Wannan karon ban yi tuntuɓe ba.